Ƙwarya Mai Jan Zare

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ga ta nan tafe gare ku. Wannan kam da idona na gan ta, ina ɗauke da cikin fari.

A shekarun nan ne da aka ba ƙasa 'yanci, motocin gyaɗa na ta kai da kawowa tsakanin Dutsin-Ma da Katsina. Ni ina aure a Dutsin-Ma, iyayena suna Kurfi. Auren gida aka yi mana. Uwar mijina, wadda nake kira Iya, taubashiyar Innata ce, 'yar mace da 'yar namiji. Tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba, kowacce na cewa ɗayar baiwarta ce.

A unguwarmu ta Kurfi, in mace ta haihu, bayan ungozoma sai Inna. Aikinta wankan jego. Tun da asuba za ta girka ƙatuwar tukunya a murhu, ta hura wuta har ruwa ya tafasa, ta ɗaure ganyen bedi ko na tsamiya, ta tsoma, ta dinga fyaɗa wa mai jego har jikinta ya yi tururi. Safe da yamma, har kwana arba'in. Rabin matan unguwar nan sun bi ta hannunta. Kullum idonta ja saboda hayaƙi, zanenta kuwa ko an wanke sai ka ji ƙaurin itace.

Taba kuwa, Inna ba ta taɓa kai ta baki ba. Baba shi ne mai lofe, har da ɗan fegin taba yake da shi a fadama. Iya kuma ba ta rabo da garin taba a leɓe da fure a haƙori. In ba ku san fure ba, furen taba ne da mata ke goga wa haƙora tare da goro su yi ja. Ko shi Inna ba ta gogawa. Cewa take yi bakin da za ta yi salati da shi ba za ta ɓata shi ba.

Ni ce 'yar farinta, don haka kunyata take ji. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ina kusa, "ke". In ina nesa, "waccan". Amma tun ranar da aka kai ni ɗakin miji ta sayi sabuwar tukunya a hannun maginan Birchi, ta kife ta a bayan rumbu. Ba ta ce ta wance ce ba, kowa ya sani.

To, sai tari ya zo.

Da farkon damina ya fara, aka ce sanyin ruwan fari ne. Ya ƙi tafiya. Murya ta dishe, zane ya fara yi mata yawa, wani ɗan kumburi ya fito mata a gindin wuya. Ranar da aka ga zaren jini a majinarta, unguwa ta yanke hukunci: tarin fuka ne.

A zamaninmu in aka ce mutum na da shi, ware shi ake yi. Aka ɗaura wa ƙwaryar Inna jan zare a baki don kada wani ya yi kuskuren ɗauka. Ludayinta daban, akushinta daban. Aka mayar da ita ɗakin ƙarshe, aka hana yara zuwa. Mata suka ci gaba da haihuwa, ba wanda ya ƙara aiko mata.

Ni kuwa cikina ya kusa wata bakwai, lokacin da mai cikin fari ke komawa gidan iyaye goyon ciki. Aka aiko daga Kurfi. Iya ta ce ba inda za ni.

"Ni na wanke wa ubanku tsummokaran jini," ta ce wa ɗanta, maigidana. "Shi ya tafi, ya ja ƙannenka biyu. Yanzu kuma in ɗauki jikana tun bai zo duniya ba in kai shi bakin tarin nan? Baiwata ce, ina son ta, amma a'a."

Ba mugunta ba ce, kowa ya san abin da ta gani. Ni kuma ba ni da bakin magana, don mai cikin fari ba ta ma yarda a ce tana da ciki. Sai in durƙusa gaban dutsen niƙa ina niƙa ina hawaye, in an tambaye ni in ce barkono ne.

Ana nan sai muka ji Baba ya kai Inna babban asibiti a Katsina. An ɗauki hoton ƙirjinta, an karɓi majinarta, an yanki ɗan nama daga kumburin wuyan an aika wani gari mai nisa, an ce su koma in wata ya kama. Da labari ya iso, Iya ta tofar da tabarta ta ce, "Ni ba zan karɓi saƙo daga bakin mutumin da hayaƙi ya toshe wa kunne ba. Da ƙafata za ni." Ta juyo ta dube ni. "Ke ma tashi. In ji da kunnena, ki ji da naki, kada gobe ki ce na raba ki da uwarki a banza."

Wayyo, ranar nan! Ban taɓa shiga mota ba. Aka tura ni sama na zauna kan buhunan gyaɗa, mota ta yi gurnani ta zabura, na ƙanƙame Iya ina salati. Itatuwa na gudu baya, gero kore shar dama da hagu, wani Bafillace yana riƙe da ƙafar tunkiyarsa, tunkiyar na cin gyaɗar mutane ta ɓular buhu. Tun ina salati har na koma dariya.

A Kurfi aka tsaya, Baba ya taimaka wa Inna ta hau. Da ƙyar na gane ta saboda yadda ta koma. Ta zauna can ƙarshen mota, ta rufe baki da gefen mayafi, ƙwaryarta mai jan zare a cinya. Ta dube ni sau ɗaya, ta dubi cikin, ta kau da kai.

Iya ta ɗaga murya daga inda muke. "Ke baiwata! Haka ake yi? Ki ga uwargijiyarki ba gaisuwa?"

"Wace uwargijiya?" Inna ta ce da disasshiyar murya. "Na ga wata tsohuwa mai jan baki, na ɗauka kura ce ta ci akuya."

Duk motar aka kwashe da dariya. Iya ta fi kowa, amma na ga ta share ido.

A asibiti muka shiga mu huɗu. Likitan Bature ne dogo, da wani malamin asibiti da ke yi masa tafinta. Likita ya yi magana, malamin ya juyo wajen Inna.

"Ya ce shekara nawa kika yi kina shan taba?"

Inna ta miƙe zaune. "Wa? Ni?"

"Ke, Inna."

"Malam, dube ni da kyau. Ka gaya mashi ya dubi haƙorana."

Iya ta tuntsire da dariya har tana dafa bango. "Ka ce mashi ya yi ɓatan kai! Ga masu taba nan mu biyu, ni da wancan mai ɓoye lofe a aljihu!"

Baba ya ƙara tura lofen ƙasa. Likita bai yi dariya ba. Ya sake tambaya: ko ta shaƙa, ko ta tauna, ko da ƙuruciya? Inna ta ce ko fure. Ya dube ta ya daɗe, ya girgiza kai. Sannan ya yi doguwar magana, malamin yana juyawa a hankali. Ya ce ba tarin fuka ba ne. Ciwon daji ne ya fito a huhu, irin wanda in an duba shi a madubin likita ƙwayoyinsa ƙanana ne, kuma shi a wurin masu shan taba ya san shi.

Iya ba ta bari ya dire ba. "Malam, bar dogon zance. Ana ɗauka?"

Malamin ya tambaya, ya juyo. "Ba a ɗauka."

"Ko an sha a ƙwarya ɗaya?"

"Ko an sha."

"Jariri fa? Jinjiri ɗanye?"

"Ya ce ko goya shi ta yi."

Sai Iya ta kama hanci ta rangaɗa guɗa! A cikin ɗakin likita! Ayyururui! Likita ya zabura, wata ma'aikaciya ta leƙo a guje. Iya ta fizge ƙwarya mai jan zare daga cinyar Inna, ta kamo hannuna ta ja ni waje, tana cewa a ba ta hanya, tana neman mai fura. Muka bar Baba da Inna a ciki, likita bai gama magana ba.

Ku fahimce mu. Mu a wurinmu tari iri biyu ne. Akwai mai kamawa, shi ke kisa. Akwai na sanyi, shi kuma wucewa yake yi. Tunda an ce wannan ba ya kamawa, to ai an gama. Kalmar daji kuwa ta shiga ta nan ta fita ta can.

A bakin ƙofar asibiti muka sami wata Bafillata, Iya ta sa ta dama fura a cikin ƙwaryar nan har baki. Da su Inna suka fito, Iya ta tsaya gabanta ta ɗaga ƙwaryar, ta kafa kai ta sha, ba ta ko nemi ludayi ba. Ta miƙo mini na sha. Sannan ta miƙa wa Inna da hannu biyu. Inna ta karɓa. Ta sha. Ta matsa ta zauna kusa da ni har kafaɗarta ta taɓa tawa, ta yi kamar inuwa take bi.

Baba kaɗai ya ƙi sha. Har muka koma bai kunna lofe ba. Na lura, amma murna ba ta bar ni na yi tunani ba.

Tun mota ba ta gama tsayawa a Kurfi ba Iya ta miƙe kan buhuna tana shela. "Ba shi ba ne! Ku fito, ba shi ba ne!" Kafin la'asar gidanmu ya cika. Matan da suka yi wata da watanni ba su tako ba suka shigo suna ba da haƙuri, wasu da kuka. Aka tuƙa tuwo, aka zuba a babban akushi, Inna a tsakiya, kowa na so hannunsa ya shiga kusa da nata. Wata ta kawo jaririnta ta ɗora mata a cinya. Iya ta aika wa ɗanta a Dutsin-Ma cewa ya aiko da kayana da itacen wanka, na zauna ke nan.

Da safe ina tsintar gero a tsakar gida, Iya na ɗaure ƙunshinta za ta koma. Inna ta kira ta. Ta yi maganar da ƙarfi yadda zan ji, amma fuskarta na wajen Iya.

"Zauna, sarkin gaggawa. Jiya rabin zance kika ji."

Iya ta zauna.

"Ya ce ciwon nan ba su da maganinsa, sai na rage zafi. Ya ce mai gudu ne. Masu tabar da ya gani da shi, 'yan watanni suke yi. Ni kuma ya ce bai san yadda za mu ƙare da shi ba, don bai taɓa ganin sa a jikin irina ba. Na tambaye shi ko zan kai kaka. Ya ce ba zai yi mani alkawari ba." Ta yi tari, ta huta. "Waccan kuwa ba za ta sauka ba sai an yanke gero."

Geron da ke hannuna ya zube. Iya ta dafe kai.

"Ashe guɗar banza na yi."

"Wa ya gaya maki? Abin da na je nema na samo. Tukunyata na bayan rumbu. In Allah ya kai ni, ni zan yi wankan nan."

Iya ta dubi ƙunshinta, ta kwance shi. "To ba inda za ni. Kuma ki ji da kyau, baiwa ba ta tafiya sai uwargijiya ta sallame ta."

Daga ranar gidanmu ya koma kamar ana shirin biki. Iya ta lura hayaƙi ke tayar da tarin, ta sa aka ɗauke murhu aka kai bayan danga inda iska ke kwashe shi. Baba ba wanda ya ce masa komai, da kansa ya fita da lofe ya dawo babu. Mako guda yana ta faɗa da kaji da akuya, yana tauna asawaki kamar zai cinye itacen. Mata suka dinga kawo zuma, man shanu, romon kaza. Iya na tsaye a kan Inna da ludayi. "Ƙara ɗaya. Ba don ke ba, don tukunya."

Ni ma ban tsira ba. Kullum sai ta sa ni daka da zagaya gida, ta tsaya gaban cikina tana faɗa. "Kai na ciki, malalaci! Ana jiran ka kana barci?"

Kowace safiya Baba zai dawo daga gona da labarin gero, mu kuwa muna saurare kamar labarin yaƙi. Ya yi ciki. Ya fid da kai. Ya fara ido. Tsuntsaye sun sauka. Inna kuma ciwo na nasa gudun. Ta daina iya kwanciya sai a jingine, da safe fuskarta kan kumbura, jijiyoyin wuyanta su tashi. Akwai ranar da numfashi ya tsaya mata har muka fara salati, sai ga shi ya dawo. Ta buɗe ido ta ce, "Mi kuke yi wa taro? An yanke geron ne?"

Ranar da aka shiga gonarmu da yanka, da hantsi, naƙuda ta kama ni. Kafin azahar na sauka. Ɗiya mace! Iya ta sake kama hanci, wannan karon duk unguwa ta taya ta. Ungozoma na yanke cibi Iya ta karɓe jaririyar, ta ratsa mata, ta dire ta a hannun Inna. Inna ta rungume ta, ta sa hanci a kanta tana shaƙa. Jika ba a jin kunyarsa. Ta dinga yi mata tsiya, wai ta zo da hancin mutanen Dutsin-Ma, ta sa tsohuwa jira.

Aka birkito tukunyar Birchi daga bayan rumbu, aka kore gizo-gizon da ke ciki. Iya ce a bakin wuta can bayan danga, tana hurawa tana tsine wa ɗanyen itace. Ta ɗebo ruwan a masaki ta kawo makewayi. Inna na zaune kan kifaffen turmi, ganyen bedi a hannu. Ta tsoma, ta ɗaga, ta fyaɗa mini a baya.

Na ƙwalla ihu! Ban san da sauran wannan ƙarfi a jikinta ba.

"Ke, rufe mana baki," ta ce. "'Ya'yan wasu ma sun daure."

Iya na gefe tana zuga. "Ƙara mata! Shekara nawa kina tanadi!"

Aka ci kauri, aka yi suna, aka sa wa yarinya sunan Inna. Safe da yamma ruwa na tafasa, ina shan kunun kanwa har ya gundure ni. Da aka yi nisa hannun Inna ya fara gazawa. Ta ɗaga ganye ya tsaya a rabi. Iya ta koma bayanta ta riƙe mata tsintsiyar hannu, suka dinga ɗagawa tare suna saukewa tare, suna gardamar wadda ta fi iyawa. Haka muka yi ta yi. Kowace asuba in na ji tarin Inna daga ɗaki sai in ce alhamdu lillahi, yau ma akwai wanka.

Ranar arba'in da yamma suka fyaɗa na ƙarshe. Inna ta saki ganyen ya faɗi cikin masaki. Ta daɗe tana mayar da numfashi. Sannan ta kira sunana. Sunana na yanka, gaba ɗayansa. Na tsaya ina waige-waige, ina neman wanda ya yi kiran.

"Tashi," ta ce. "Kin gasu."

Iya ta sunkuya ta ɗauki masaki.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Inna ta wuce kaka, ta wuce sanyi, ta shiga bazara. Ta ga takwararta ta fara zama, ta dama mata koko a ƙwarya mai jan zare, don ta hana a cire zaren. Ta rasu wata ranar Laraba bayan azahar, ruwan fari bai sauka ba, kanta a cinyar Iya. Allah ya jiƙanta.

Baba ya koma Katsina ya gaya wa likita, don dama likitan ya roƙe shi ya kawo masa labari. Likita ya ce ta daɗe fiye da yadda ya zata. Baba ya tambaye shi ko hayaƙin lofensa ne, ko na murhu. Ya ce bai sani ba. Baba ya shuka dawa a fegin taba, ya rayu har ya ga tattaɓa kunne, kuma har ya koma ga Allah in ya ji ƙaurin taba sai ya tashi daga wurin.

Iya ta koma Dutsin-Ma da tukunyar Birchi a kai. Ita ta yi mini sauran wankan haihuwata duka. Garin taba dai ba ta iya bari ba, ta ce baiwarta ta tafi ba ta bar mai hana ta ba. Tsufa ne ya ɗauke ta.

Maigidana ya yi noma da fataucin kifi a wajen Zobe har ƙarfinsa ya ƙare, ya riga ni.

Yarinyar nan ta girma ta yi aure a Tamawa, ta zo goyon ciki, na yi mata wanka da hannuna. Ba na kiran sunanta, kun ga dalili biyu ne: 'yar fari ce, kuma sunan Inna gare ta.

Ni kuma ga ni. Ƙwaryar ta tsage tun tuni, na sa an ɗinke ta, tana rataye a ɗakina. Zaren ya koɗe ya koma fari. Iyakarta ke nan, ku tashi ku ba ni wuri in yi alwala.